Suga a Aljihun Mai Shayi

Shekara talatin ina zuba wa mutane suga
a bakin titin Gwammaja, kusa da masu faci.
Cokali uku na direba, huɗu na ɗan dako,
wanda ya ce "ƙara" ban taɓa hana shi ba.
Ashe ni ma ana zuba mini,
ba a kofi ba, a jini.

Ƙishirwa ta fara, randa guda ba ta kashe ta.
Dare ya zama sintiri tsakanin tabarma da bayan gida,
har tururuwa ta san inda nake tsugunawa.

Na tsallaka titi wajen Hansatu,
mai kantin magani mai koriyar ƙofa.
Na ce, na shawara ko na zazzaɓi, ba ni abin da ya samu.
Ta ce, "Baba Ɗanjuma, miƙo yatsa."
Ɗan tsini, ɗigo ɗaya,
wata na'ura kamar kwalin ashana ta lashe.
Ta dubi lambar, ta dube ni.
"Wannan ya fi ƙarfin kantina.
Gobe da sassafe asibiti, kuma kada ka karya."

Na ji haushi.
Na zo da kuɗi, na koma da takarda.

Likita mutumin kirki ne, amma layi ya kai baranda,
ya yi rubutu kamar kaza ta taka tawada.
Hansatu ce ta warware mini shi.
Ta san boko bai ratsa gidanmu ba,
sai ta zana rana a kwali ɗaya, wata a ɗayan.
"Allura ba ta son zafi," in ji ta,
wutar unguwarmu kuwa baƙuwa ce mai sauri.
Sabuwar kwalba tana kwana a firjinta,
wadda na buɗe tana cikin tulu, a jiƙaƙƙen yashi.

Ran nan mai lasifika ya tsaya gaban teburina,
sha yanzu magani yanzu, har da rantsuwa.
Na saya a ɓoye, na jingine nata mako biyu.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi:
na'urar ta tona ni kafin in gama gaisuwa.
Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Cire takalmi."
Garwashi ya ci mini babban yatsa,
ni da ƙafar, ban ji ba.
Na ce, ba ni kafso in barbaɗa.
Ta ce, "Ba zan sayar maka ba,"
ta fita da kanta ta tsayar da adaidaita.

Yatsan yana nan.
Kowane dare ina duba shi da madubin aski.

Da azumi ya gabato na kai mata tambaya.
Ta yi shiru, ta juya biro.
"Wani sashen na sani, wani na likita ne, wani na malaminka.
Bari in kira in ji."
Na sha ganin masu farar riga a garin nan,
kaɗan ne bakinsu ke iya ɗaukar "ban sani ba".

Yanzu suga uku na kwana a aljihuna, a ƙullin leda.
In jiki ya ɗauki rawa, gumi mai sanyi ya karyo,
abin da ya kayar da ni shi zai tashe ni.
Ita ta koya mini wannan ma.

Jiya wani direba ya ce, "Baba, ƙara."
Cokali ya tsaya a sama.
Na nuna masa koriyar ƙofa da haɓa,
na ce, tsini ɗaya ne, ba ya kai cizon sauro.
Ya yi dariya, ya ce sai wani jiƙon.

Na zuba masa rabi.